Kakan Abokina, Tsohon Georgetown, da Sunayen da Gwaggo Ta Ba Ni

  Yau tarihi na kawo muku, kuma kunya ce ta sa na rubuta shi. Ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ina da wani aboki Bature, tun muna sakandare a Silver Spring muke tare. A bikin cin talo-talon da Amurkawa ke yi a watan Nuwamba ya gayyace ni gidansu. Bayan an ci an sha, mahaifiyarsa ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙaton kundi mai baƙin bango ta ajiye a kan tebur. Tarihin gidansu ne, tun daga wani ƙauye a ƙasar Danmak har zuwa kan abokin nawa. Ana buɗawa ana dariya, ana nuna hoton wani dattijo mai gemu a tsaye gaban dawakinsa biyu. Can sai ta juyo ta tambaye ni, cikin fara'a, ba da wata manufa ba: “Kai fa, yaya sunan mahaifin kakanka?”

Wallahi jama'a shiru na yi. Sunan kakana na sani, domin shi aka sa mini, shi ya sa ma a gida Abba ake kirana. Daga nan kuwa ban san kowa ba. Na yi murmushi na ce ai mu tarihinmu a ka yake, ba a takarda ba. Har na dawo gida maganar tana damuna, don na san kan nawa ma babu komai a ciki.

Manomin da ya zo daga Danmak

Bari in fara da mutumin cikin kundin. Ba wani shahararre ba ne, ɗan ƙodago ne a gonakin yankin Jutland, ƙaramin ɗa a gidan da gona ba ta isa rabo ba. A can, bisa al'ada, ɗa guda ne ke riƙe gonar gida, sauran su shiga aikatau a gonar masu hali. Jama'a na ƙaruwa, ƙasar noma ba ta ƙaruwa. Ga kuma yaƙin 1864, wanda Danmak ta sha kashi a hannun Prussia da Austriya ta rasa yankunan Schleswig da Holstein. Daga 1868 zuwa 1914 kusan mutum dubu 300 suka bar ƙasar, akasarinsu zuwa Amurka. Ku tuna a 1880 duka mutanen Danmak ba su cika miliyan biyu ba.

Abin da ya ja su shi ne ƙasa. A ranar 20 ga Mayu 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ake kira Homestead, wadda ta ce duk wanda ya kai shekara 21 ko yake riƙe da iyali, ɗan ƙasa ne ko baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, zai iya karɓar fili eka 160. Kuɗin takardu dala 18 ne duka. Sharaɗin shi ne ya gina ɗaki a wurin, ya noma, ya zauna shekara biyar, sannan ya kawo shaidu biyu su rantse cewa ya cika. Ga mutumin da ubansa ya mutu bai mallaki ko eka goma ba, wannan labari kamar tatsuniya ne.

Kakan kakan abokina ya iso Nebraska a shekarun 1870, kusa da wani garin 'yan Danmak mai suna Dannebrog da aka kafa a 1871. Babu itace a wurin, don haka ɗakinsa na farko da ɓawon ƙasa mai ciyawa ya gina shi, ana yankawa kamar tubali ana jerawa. A 1874 fara ta sauka a wannan yanki ta cinye amfanin gona ƙarƙaf. A watan Janairun 1888 kuma guguwar ƙanƙara ta afka wa yankin da rana tsaka ta kashe mutane da yawa, cikinsu har da yara masu dawowa daga makaranta. Mahaifiyar abokina ta ce a gidansu har yau ana ba da labarin yadda tsohon ya ɗaure igiya daga ƙofar ɗaki zuwa garke don kada ya ɓata. 'Ya'yansa biyu sun mutu suna ƙanana. Ya dai jure, ya mallaki gonar. Jikokinsa suka yi karatu suka watsu, har wani ya samu aikin gwamnati a Washington, aka haifi abokina a nan.

Wani abu da ya ba ni sha'awa shi ne suna. Ashe su ma da, sunan uba suke ɗauka kamar mu. Hansen ma'anarsa ɗan Hans, Jensen ɗan Jens, kuma kowane zamani sunan na sauyawa, kamar yadda ɗan Musa Ibrahim zai zama Sani Musa. Sai a 1828 hukumarsu ta ce kowane gida ya tsaya a kan suna guda, ta sake jaddadawa a 1856 saboda mutanen ƙauye sun ƙi bari. Wato matsalar da muke sha a filin jirgi, a tambaye ka me ya sa sunanka na ƙarshe ya bambanta da na ɗan baffanka, su ma sun sha ta.

To me ya sa su suka iya bin sawun nasu har ƙarni na 18? Ba don sun fi mu son iyaye ba ne. Hukuma ce ta rubuta su a kowane mataki. Limamin cocin ƙauye ya rubuta haihuwa da aure da mutuwa. 'Yan sandan Kopenhagen sun buɗe rajistar masu ƙaura tun 1868. Jirgin ruwa yana da jerin fasinjoji. Takardun gonar kuwa, har da rantsuwar shaidun nan biyu, suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke kan titin Pennsylvania, inda nake wucewa a jirgin ƙarƙashin ƙasa ban taɓa sauka ba.

Akwai abin da kundin bai faɗa ba, abokina da kansa ya faɗa mini. Filin da aka ba kakansa kyauta yana da masu shi. Ƙasar mutanen Pawnee ce, waɗanda aka kwashe zuwa Oklahoma ta yau a tsakiyar shekarun 1870, daidai lokacin da baƙin ke isowa. Sannan ita Danmak ɗin ta yi cinikin bayi daga gaɓar Ghana ta yau, daga ganuwar Christiansborg da ke Accra, zuwa tsibiranta na Karibiyan da ta sayar wa Amurka a 1917 kan dala miliyan 25. Shi tsohon talaka ne, bai taɓa mallakar bawa ba. Amma ƙofar da aka buɗe masa, wasu aka rufe wa.

Tsohon Dent Place

Wannan ne ya sa na tambayi kaina: a nan yankinmu, wane ne baƙo irinmu na farko da aka san tarihin gidansa? Neman amsar ya kai ni ga wani mutum da da yawanmu muka taɓa ganin hotonsa ba mu san shi ba: dattijo baƙi da hular saƙa a ka, yana ɗan murmushi. Sunansa a takardun Turawa Yarrow Mamout.

Ranar da na fara karanta sunan, kunnena “Yaro Mamudu” ya ji, har na kira Baba ina murna wai na gano Bahaushe a Georgetown. Baba ya ce, “Abba, bi a hankali, kada son kai ya sa ka yi wa mamaci ƙarya.” Gaskiyarsa. Masana sun fi karkata ga cewa Bafulatani ne daga yankin Gini, kuma Yero suna ne sananne a wajen Fulani. Ba Bahaushe ba ne, amma Musulmi ne ɗan Afirka ta Yamma wanda ya yi karatun allo, kuma wannan ya isa mu kira shi namu.

An haife shi wajen 1736. A watan Yunin 1752 jirgin bayi mai suna Elijah ya sauke shi a Annapolis yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka. Wannan ita ce tashar da Alex Haley ya ce an sauke kakansa Kunta Kinte a 1767. Wani mai gonar taba, Samuel Beall, ya saye shi, a yankin da yanzu ya zama Montgomery County, wato inda ni da da yawanku muka tashi. Daga uba ya koma hannun 'ya'ya kamar sauran kayan gado, har ya faɗa hannun Brooke Beall, ɗan kasuwa a Georgetown. Shi ne ya yi masa alƙawarin 'yanci idan ya gama yi masa tubalin gina sabon gida. Ya gama tubalin, maigidan ya mutu, iyalinsa suka cika alƙawari. A watan Agustan 1796 aka rubuta takardar 'yancinsa, bayan shekara 44 a bauta. Yana da kimanin shekara 60. A wannan shekarar ce kuma ya fanshi ɗansa Aquilla, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas.

Ku dubi abin da ya yi da ragowar rayuwarsa. Yana yin tubali, yana ƙona gawayi, yana dakon kaya a bakin kogin Potomac, da dare kuma yana saƙa kwanduna da tarun kamun kifi. An ce a zamaninsa babu wanda ya kai shi iyo a kogin. Wani littafi kan birnin Washington da aka buga a 1816 ya kawo labarin kuɗinsa. Ya tara dala 100 ya ba wani ɗan kasuwa ajiya, kuɗin suka salwanta. Ya sake tara wata 100 ya ba wani, shi ma ya karye. Da ya tara dala 200 a karo na uku, sai ya sayi hannun jari a Bankin Columbia na Georgetown, yana karɓar riba. A 1800 ya sayi fili a wurin da yanzu yake lamba 3324 Dent Place, ya zauna a ɗakin katako, yana da ɗan lambu. Har rance ya ba wani Bature ɗan kasuwa, kimanin dala 170. A wata takardar filin ta 1803, kwafin da ya rage ya nuna sa hannunsa, kuma masanan da suka duba sun ce rubutun Larabci ne. Ku lissafa: shekara 51 da raba shi da allonsa, hannunsa bai manta ba.

A farkon 1819 mai zane Charles Willson Peale, wanda ya zana George Washington sau da dama, yana birnin sai ya ji labarin wani tsoho da ake cewa ya haura shekara 130. Ƙari ne, bai wuce 83 ba. Peale ya je ya zana shi, ya kuma rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa mutumin Musulmi ne, ana jin sa a kan titi yana yabon Allah da murya, ba ya cin naman alade, ba ya shan giya. Wannan zanen yana gidan adana zane-zane na Philadelphia, wanda ya saye shi a 2011. Akwai na biyu da James Alexander Simpson ya yi a 1822, mallakar ɗakin karatu na Georgetown, wanda Allah Ya kuɓutar daga gobarar da ta kama ginin a 2007.

Ya rasu ranar 19 ga Janairu 1823. Wata jarida a Gettysburg ta ba da labarin mutuwarsa, ta ce an binne shi a kusurwar lambunsa inda ya saba yin salla. A 2015 ofishin kula da kayan tarihi na birnin ya yi tono a filin, ba a samu ƙashinsa ba. Na je wurin wata Asabar. Unguwa ce ta masu kuɗi, shiru, motoci a jere. Na tsaya a gefen titi na karanta masa ƙulhuwallahu, wata mata mai yawo da kare tana kallona.

Abin lura a nan: da a ce Yarrow ya nemi zama ɗan ƙasa, doka ba za ta ba shi ba. Dokar 1790 ta keɓe wannan ga farar fata mai 'yanci, kuma sai a 1870 aka buɗe wa 'yan asalin Afirka. Mutumin ya yi shekara 70 a ƙasar nan, ya yi tubalin gidajenta, ya sa kuɗi a bankinta. Manomin Danmak kuwa daga saukarsa jirgi yana da ikon zuwa kotu ya bayyana niyya ya nemi eka 160.

Gidan Aquilla da Polly

Tarihin gidan bai tsaya a Georgetown ba, kuma wani lauya mai suna James H. Johnston ne ya bi diddiginsa shekara da shekaru, ya fitar da littafi a 2012 mai suna From Slave Ship to Harvard. Aquilla ya bar birni ya koma ƙasar manoma a Washington County ta Maryland, cikin kwarin Pleasant Valley, kusa da Harpers Ferry. Matarsa Mary Turner, wadda aka fi sani da Polly. Shi ya rasu a 1832, shekara tara bayan mahaifinsa. Ita kuwa ta rayu har 1885, kuma ungozoma ce, ta karɓi haihuwar baƙaƙe da farare a wannan kwari shekaru masu yawa. Saboda ita aka sa wa ƙauyen suna Yarrowsburg, yana nan a taswira har yau, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Silver Spring.

Ku yi tunanin abin da ya faru a maƙwabtan matar nan. A 1859 John Brown ya ɓoye da mutanensa a wata gona a wannan yanki kafin ya kai hari Harpers Ferry don tayar da bayi. A ranar 17 ga Satumba 1862 aka gwabza yaƙin Antietam 'yan mil kaɗan daga ƙauyen, inda mutum kusan dubu 23 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓata a yini guda. An 'yanta bayin birnin Washington a watan Afrilun 1862, na Maryland kuwa sai 1 ga Nuwamba 1864. Wani ɗan danginta, Simon Turner, yana cikin baƙaƙe kusan dubu 180 da suka shiga sojan Arewa. Jikansa, Robert Turner Ford, ya gama Jami'ar Harvard a 1927. Shi ba jinin Yarrow ba ne kai tsaye, dangin surukarsa ne, amma a wajenmu ai suruki ma ɗan gida ne.

A can Georgetown kuma, wata 'yar 'yar'uwar Yarrow mai suna Nancy Hillman ta shiga kotu shekara 20 bayan rasuwarsa tana neman bashin nan da ya ba Baturen, kuma ta yi nasara. Wannan shari'a tana cikin abin da ya sa aka san yana da 'yar'uwa. Kun ga yadda ake haɗa tarihin wanda hukuma ba ta damu da rubuta shi ba: takardar fili nan, ƙarar bashi can, littafin wani mai zane, labarin mutuwa a jaridar wani gari. Kuma Yarrow mai sa'a ne. A ƙidayar 1850 da ta 1860, bayi ba a rubuta sunayensu, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan mai su. Sai a ƙidayar 1870 yawancinsu suka fara bayyana da suna. Shi ya sa idan abokinka baƙar fatan Amurka ya ce bai san daga ina kakanninsa suka fito ba, kada ka kuskura ka yi masa dariya. Shi raba shi aka yi da nasa da ƙarfi. Ni kuwa nawa suna nan, lambar wayarsu tana cikin aljihuna, tambaya ce ban yi ba.

Abin da Gwaggo ta faɗa

Kakata ta wajen uba ta rasu ina jami'a, ban taɓa tambayarta komai ba sai “ina kwana” da “ya jiki”. Wadda ta rage ita ce yayar Baba, Gwaggo, a Kano, ta haura 80. Na kira ta ta WhatsApp wata Lahadi, Baba yana gefe yana taya ni inda Hausata ta gaza.

Da farko ta ƙi. Ta ce, “Kai ɗan nan, me za ka yi da sunan matattu? Addu'a suke so.” Da na matsa, sai wata matsalar ta fito: ba za ta iya kama sunan mahaifinta ba, sai dai ta ce Malam, ni ma ba ta taɓa kiran sunana na yanka ba saboda nasa ne. Kakanta kuwa da laƙabi ta san shi. Sai da ta sa aka kira wani tsohon maƙwabcinsu na ƙauye, shi ya jero sunayen, ita tana cewa “haka ne”. Ranar na gane cewa alkunyar da ke ƙawata gidajenmu, ita ce kuma ke binne sunaye idan ba a samu mai rubutawa ba.

Ga abin da na samu. Kakan kakana baƙo ne shi ma, kuma manomi. Daga arewa ya zo, wajen ƙasar Damagaram, da jaki ɗaya da fartanya da matarsa, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa farkon shekarun 1880. Wato shi da manomin Danmak kusan lokaci guda suka bar gida. Ya sauka a wani ƙauye arewa da Kano, ya je ya gai da maigari, aka nuna masa daji aka ce ya sare iya ƙarfinsa. Babu takarda, babu dala 18. Shaidarsa ita ce jama'ar da suka zo masa gayya, iyakarsa kuwa gamba da wata kuka da Gwaggo ta ce tana nan. Ya noma gero da dawa da auduga, 'ya'yansa suka tashi a gandu. Ɗansa yana saurayi Turawa suka ci Kano a 1903, kuma shi ya fara noma gyaɗar sayarwa bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911. Kakana an haife shi a babbar yunwar 1913 zuwa 1914. Baba kuwa shekarar zuwan Sarauniya, 1956. Haka tsofaffinmu ke ajiye kwanan wata, kuma idan ka san tarihin ƙasar za ka iya mayar da shi lamba.

Ina cikin jin daɗi sai Gwaggo ta ƙara wata magana, kamar ba komai ba. Ta ce da tsohon ya yi ƙarfi ya sayi bayi biyu, namiji da mace, suna taya shi noma. Na ce, “Gwaggo, yaya sunansu?” Ta ce ba ta sani ba. Daga ina aka kamo su? Ta ce daga kudu dai. Namijin ya yi murgu, wato yana aikin kansa yana biyan ubangidansa wani abu, har ya tara ya fanshi kansa. Jikokinsu suna garin, ana zaman lafiya, ana gaisawa, amma ba a tayar da maganar.

Jikina ya yi sanyi. Na yi makonni ina karanta labarin Yarrow ina jin haushin gidan Beall, ashe a nawa gidan akwai Yarrow biyu da ko sunansu ba a riƙe ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano ta ƙarni na 19, inda sarakuna da attajirai ke da rinji cike da bayi, manoma masu hali kuma suna da ɗaya ko biyu. Turawa sun shelanta cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Lokacin kakana ya wuce shekara 20. Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, “Ka rubuta har da wannan. In ka cire, ka zama maroƙi.” Na rubuta. A shafin da na jera sunayen kakanni na bar layi biyu babu komai, kuma na roƙi tsohon maƙwabcin nan ya tambayo mini, cikin mutunci, ko jikokinsu sun riƙe sunayen kuma suna so a rubuta.

To mu fa?

'Yan uwa, iyayenmu su ne manoman Danmak na gidajenmu. Dokar shige da fice ta 1965 ce ta buɗe musu ƙofa, suka zo karatu ko aiki ko ta cacar biza, da akwati ɗaya. Nan da shekara ɗari wani yaro mai sunan Musa ko Ɗanladi a ƙarshen sunansa, wanda watakila ko “sannu” bai iya ba, zai nemi sanin wane ne ya fara zuwa. Takardun Amurka za su ba shi ranar sauka da lambar jirgi. Sunan ƙauye da na unguwa, da zanen fuskar kaka, da sana'ar gida, da dalilin tasowa, babu ofishin da ke ajiye su.

Shawarata kaɗan ce. Ku kira tsohon da ya fi kowa shekaru a gidanku cikin wannan watan, ku nemi izini ku naɗi muryarsa. Kada ku tambayi shekara, ku tambayi wane sarki ke kan gado, ko wace yunwa aka yi, ko kafin zuwan jirgi ne ko bayansa. Idan kunya ta hana shi kama suna, a nemo wanda zai iya. Ku tambayi ɓangaren mata, domin nan ne sunaye suka fi saurin ɓata. Ni har yanzu matar da ta biyo jakin nan daga Damagaram “tsohuwa” kawai Gwaggo ke ce mata. Tsofaffin fasfo da wasiƙu da kaset-kaset ɗin da ake aiko wa iyayenmu daga gida kafin waya ta yawaita, kada a zubar. Wanda ya je hutu kuma ya leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, ko Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Na koma gidan abokina da 'yan shafukana guda shida. Mahaifiyarsa ta sa tabarau ta ce in karanta mata sunayen da bakina, na karanta, huɗu a jere. Ta tambayi layi biyun da babu komai, na faɗa mata gaskiya. Mun yi alƙawari da abokin nawa idan sanyi ya wuce za mu tuƙa mota mu je Yarrowsburg. Duk mai son zuwa ya yi magana ta hannun editoci, akwai wurin mutum uku.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Allah Ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini, ɗalibi ne ni.